Shekarar da Na Koyar da Ɗiyata a Gida

Ɗiyata ta fari tana aji uku na firamare farfaɗiya ta fara kayar da ita. Faɗuwar farko a gida aka yi ta, nan Kebbe, ina tankaɗe a tsakar gida ita kuma tana tsugune tana wanke-wanke. Ban ji kuka ba. Ƙarar kwano kawai na ji, na waiwaya na gan ta kwance, jiki ya sandare, idanu sun juye, kumfa na fita ta gefen bakinta. An tashe mu da kunyar ɗan fari, ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba, amma ran nan na kira shi har maƙwabta suka ji ta kan katanga.

Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, an kawo sassaƙe iri-iri daga dangin maigida. Daga baya yayana da ke Tambuwal, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya matsa sai an kai ta asibiti. Likita ya rubuta ƙwayar da za ta riƙa sha safe da yamma. Ya ce ciwon ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, ya ce in ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali a baki, kuma a nisanta ta da wuta da rijiya da duk wani ruwa mai zurfi. Faɗuwar ta ragu, amma ba ta daina ba.

Faɗuwar da ta canza mana rayuwa a cikin aji ta same ta. Ta buga goshi a bakin benci. Yara suka watse, wasu ta ƙofa wasu ta taga, don an gaya musu a gida wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya kamu. Malaminsu yaro ne sabon ɗauka, ya tsaya ya rasa abin yi. Wata dattijuwa mai sayar da awara a bakin makarantar ce ta shiga ta juya ta, ta share mata baki da gefen zanenta. A kan mashin aka kawo mini ita, hijabinta duk jini.

Bayan nan mata suka riƙa shigowa sannu, kowace da abin da ke bakinta. Wata maƙwabciya ba ta ɓoye ba, ta ce in yarinyar ta koma makaranta su za su cire nasu yaran. Hedimasta kuma ya kira maigida ya ce masa a bar ta ta huta a gida sai ta samu lafiya. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ce ta dawo. Ni ma, gaskiya, ba na son ta koma. Hanyar makarantar ta bakin wani kududdufi take bi, inda ake ɗibar ƙasar gini, in damina ta sauka yakan cika har ya shanye babban mutum.

Na gama sakandare a Tambuwal kafin a yi mini aure, don haka na ce ni zan koya mata. Maigida ya samo guntun katako wajen kafinta, muka shafe shi da baƙin tsohon batir ya zama allo. Yaya ya aiko da littattafai a cikin buhu tare da direban motar kasuwa. Da safe in ƙannenta sun tafi makaranta, sai in shimfiɗa tabarma a ƙasa can nesa da murhu, in tabbatar murfin rijiya na rufe da dutse a kansa, mu zauna. Hausa da Turanci ba su ba ni wahala ba. Lissafi ne sai da na sake koyonsa, musamman rabawa mai tsawo, sau da yawa ni da ita muke kakarewa tare mu bari sai na kira Yaya a waya. In ta faɗi muna cikin karatu, in kwantar da ita, in jira ta dawo, ta yi barcinta, gobe mu ɗora daga inda muka tsaya. Kusan shekara muka yi a haka, har na fara sakin jiki.

Ƙarshen damina, ana shirin komawa sabuwar shekarar karatu, wata mota ta zagaya gari da lasifika a samanta. Ina cikin ɗaki na ji ta tun daga nesa. Mai shelar ya ce ilimi dole ne, duk uban da aka samu ɗansa ko ɗiyarsa zaune a gida ba makaranta, hukuma za ta kai shi gaban alƙali, kuma za a fito gida-gida a duba. A rediyo ma aka yi ta maimaitawa. Da farko na ce ai ba da mu ake ba, mu muna karatu. Sai ga shi bayan sallar La'asar mai unguwa ya ja maigida gefe a ƙofar masallaci, ya ce masa an ambaci gidanmu a zaman da aka yi.

Maigida manomi ne, in an yi kaka kuma yakan sayi gero da dawa ya kai kasuwa. Bai taɓa tsayawa gaban ɗan sanda ba balle alƙali. Ya shigo ran nan ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, na kawo masa fura bai taɓa ba.

"Mi za ni ce ma alƙali?" ya ce. "In ce mai ɗakina ce malama? Wa ya ba ki izini? Ina takardarki?"

Shawararsa ita ce a kai ta ƙauye wajen mahaifiyarsa har abin ya lafa. Na san ƙauyen. Rijiyoyinsu ba murfi, girki a tsakar gida ake yinsa wuta a buɗe, tsohuwar kuma ba ta gani sosai, ba za ta iya riƙe lokacin shan magani ba. Na ce masa gara a ɗaure ni da a kai ta can. Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya tashi ya fita.

Tun daga ranar abinci ya fita raina. In mashin ya tsaya a ƙofar gida sai in kasa kunne. In aka yi sallama da muryar da ban sani ba, sai in ɗauke allon in tura shi bayan randa, kamar wadda aka kama da kayan sata, alhali ba abin da ke jikinsa sai jadawalin sau bakwai.

Lokacin karɓo magani ya yi, na bar yarinyar da ƙanwar maigida na tafi Tambuwal. Ruwa ya ci hanyar, mota ta yi ta faɗawa ramuka, wani wurin sai mun sauka an tura. Daga asibiti na wuce gidan Yaya na kwashe komai na gaya masa. Ya ce shi kansa ya yi shekaru yana koyarwa amma bai taɓa jin yadda doka ta ce game da wanda ke karatu a gida ba. Ya sa hularsa ya ce mu je wajen wani abokinsa lauya da ke da ofis kusa da kotu.

Lauyan ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce abin da doka ta ɗora wa iyaye shi ne su tabbatar ɗansu ya je makaranta ya gama firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ake yi masa, in ya sake sai tara ko ɗauri. Na tambaye shi to wadda ke koya wa ɗiyarta a gida fa, mi ake so ta yi, ina za ta je ta yi rajista, wace takarda za ta nuna. Ya juya biro a hannu. Ya ce a iya saninsa dokar ba ta ambaci wannan ba ko kaɗan, ba ta ce an yarda ba, ba ta ce an hana ba. Ba ofishin da aka ware don haka, ba wanda aka naɗa ya zo ya duba karatun. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda aka ɗaure a kan wannan ba, musamman ga mai lalura, amma ba zai yi mini ƙarya ya ce ba zai yiwu ba.

"Hajiya, abin da babu shi a rubuce," ya ce, "ya danganta da wanda kika tarar a kan kujera ran nan."

Ya ba da shawara mu karɓi shaidar likita, kuma mu je ofishin ilimi da ƙafarmu tun ba a zo mana ba. Na yi godiya. Na shiga wurin da fatan a ce mini ga sharuɗɗa, ko guda nawa ne, in cika su in huta. Na fito ba ni da ko ɗaya. A mota ina dawowa, kalmar ɗauri ce kaɗai ke yawo a kaina.

Bayan Magariba na zauna na ba maigida labari a tsakar gida. Na ɗauka yara suna ɗaki suna cin tuwo. Na faɗi gargaɗin, na faɗi tarar, na faɗi ɗaurin. Ya ce wanga al'amari ya fi ƙarfinsa, ga gero ya nuna yana jiran yanka, in aka tsare shi ko mako ɗaya ne wa zai tsaya a gonar. Muka bar maganar a kan sai ya gama yankan gonar gabas sannan a je ofis.

Kwana biyu bayan haka ya fita gona da sassafe. Na shirya ƙananan suka tafi, na goya jaririna na leƙa maƙwabta kai niƙa. Ban daɗe ba. Da na dawo na shimfiɗa tabarma na kira ta, shiru. Na duba ɗaki, na duba bayi. Na je bakin rijiya, dutsen na nan a kan murfin yadda na bar shi. Na koma ɗaki, sai na ga akwatinta a buɗe, tsofaffin kayan makarantarta ba su ciki. A kan taga kuma ga ƙwayarta ta safe a cikin murfin kwalba, ga kofin ruwa kusa da ita, ba ta sha ba.

Ban san lokacin da na fita ba. Sai daga baya na lura takalmi ɗaya nawa ne ɗaya na maigida, hijabin kuma a bai-bai na sa shi. Matan aure a unguwarmu ba su gudu a titi, ni na yi, jariri na jijjiga a bayana yana tsala kuka. Maza a bakin shago suka bi ni da kallo, wani ya tambaya ko lafiya, ban tsaya ba.

Da na iso kududdufin na tsaya. Ya cika har bakin hanya, ruwan ja, ba ya ko motsi. Hanyar a wurin ba ta fi faɗin amalanke ba, gefe ɗaya katanga, gefe ɗaya ruwa. Na tsaya ina duban saman ruwan ko zan ga farin hijabi. Bakina na ta addu'a amma ban san wadda nake karantawa ba. Na ga wani abu fari can tsakiya, na taka har ruwa ya kai mini idon sawu kafin na gane leda ce.

Wata Bafillatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a gindin itacen bedi tana kallona. Ta tambaye ni ko yarinya nake nema, doguwa, mai rigar makaranta da ta yi mata kaɗan. Ta ce ta gan ta ta wuce tana dafa katanga da hannu, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Ko godiya ban tsaya yi mata ba, na ruga sai makarantar.

Ba ajinsu na da ta shiga ba, na gaba ta shiga, inda tsararrakinta suke. Ta taga na hango ta. Tana zaune ita kaɗai a benci na gaba, hannuwa a kan cinya, ba littafi ba fensir. Sauran yaran sun matsu a ɗaya gefen, har wasu a tsaye jikin bango. Malamin ya daina koyarwa. Hedimasta na tsaye a bakin ƙofa, da alama kiransa aka yi. Da ya gan ni a wannan kama, ya ce in kwantar da hankalina ba abin da ya same ta, ya kira ta muka tafi ofishinsa.

Na ba ta ƙwayar da na damƙe a hannu tun daga gida, duk ta jiƙe da gumi. Hedimasta ya sa aka kawo ruwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya koyar da maigida ma yana yaro. Ya jira ta haɗiye, sannan ya tambaye ta a hankali wa ya aiko ta. Ta ce ba kowa. Ya ce to mi ya kawo ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Don kada a ɗaure Baba," ta ce.

Hedimasta ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ni kuwa kukan da na riƙe tun daga bakin ruwa ya ƙwace mini, na juya fuska wajen bango.

Daga baya ya miƙa mata wani littafi ta karanta shafi guda, ya ba ta lissafi, ta ci wasu ta faɗi wasu. Ya tambaye ni abin da muka yi da wanda ba mu yi ba, na gaya masa. Sai ya ce shi ma ba barci yake yi ba a kan maganar nan. An turo musu umarni daga sama kowane yaro ya shiga aji, ba a gaya musu yadda za su yi da mai lalura irin tata ba. In ya karɓe ta ta faɗi a hannunsa wani abu ya same ta, shi za a kama. In ta zauna iyaye suka kwashe yaransu, shi za a tambaya. In ya bar ta a gida kuma, ga abin da ake shela. Ban taɓa zaton mai riƙe da makaranta guda yana tsoro kamar yadda nake yi ba. Hakan bai sanyaya mini rai ba, sai ma na ji kamar ba kowa a sama da zai ce ga yadda za a yi.

Ya ce kada a jira yankan gero. Washegari shi da maigida suka tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da shaidar likita, ni ina gida na kasa zaune na kasa tsaye. Sai bayan Azahar suka dawo. Maigida ya ce shugaban ofishin ya saurare su, ya yi waya da wani a Sakkwato, shi ma wancan bai ba da amsa tsayayya ba. A ƙarshe aka tsaya a kan sunanta ya zauna a rajistar makaranta a matsayin ɗaliba, ni in ci gaba da koya mata bisa abin da ajinsu ke yi, hedimasta ya riƙa aiko mini da tsarin darussa, in lokacin jarrabawa ya yi kuma in kawo ta da kaina in zauna har a tashi. Maigida ya roƙa a rubuta musu wannan a takarda a sa hannu. Mutumin ya ce ba zai iya ba, don ba dokar da ta ba shi ikon ba da irin wannan izini. Ya ce dai muddin yana wurin ba mai taɓa mu.

Masu zagayen gida-gida sun zo bayan an gama kaka. Mazan suka tsaya a zaure da mai unguwa, mata biyu suka shigo. Muna kan tabarma. Wannan karon ban ɓoye allon ba, amma allin da ke hannuna sai da ya karye. Ɗiyata ta matso ta manne a jikina. Babbar cikinsu ta ce an riga an gaya musu labarinmu, ta yi wa yarinyar sannu, ta dubi allon, ta sha ruwa, suka fita. Ko zama ba su yi ba.

Jarrabawar farko da na kai ta, a kan barandar ajin na zauna da jariri a cinya, inda zan iya ganin bayanta ta taga. Hedimasta ya riga ya tara yara ya yi musu bayani cewa ciwon ba a ɗaukarsa, ya kawo ma'aikacin asibiti ya maimaita musu. Wasu sun yarda, wasu iyayensu sun fi ƙarfin bayanin. Kwanakin jarrabawar duka idona na kan kafaɗunta, in ta ɗan sunkuya sai in miƙe. Ba ta faɗi ba. Sai da muka koma gida ranar ƙarshe, tana cire hijabi, abin ya zo mata a kan katifa.

Haka muka yi har ta kai aji shida. A tsakani an yi wa shugaban ofishin nan canjin wurin aiki. Ranar da maigida ya shigo da labarin, duk abin da na ɗauka ya wuce ya dawo mini sabo. Aka sake ɗaukar shaidar likita, aka sake zuwa, aka sake bayani tun daga farko ga wani mutum da bai san mu ba. Shi ma ya yarda, shi ma da baki.

Yanzu tana ƙaramar sakandare a Tambuwal, tana zaune gidan Yaya. Makarantar na bayan gidansa, matarsa ke raka ta ta kuma ɗauko ta, asibiti ma kusa. An canza mata magani, takan yi watanni ba ta faɗi ba. Kullum da safe kafin in ɗora tukunya sai na kira na ji ko ta sha.

Kwanan baya wata mata daga wajen Jabo ta zo har gida, an kwatanta mata ni. Ɗanta shan inna ta taɓa masa ƙafafu, makarantar kuma da nisa, ta ji an ce na san yadda ake samun izinin koyar da yaro a gida. Na ba ta tabarma, na gaya mata abin da ya faru da mu daki-daki, wanda muka gani da abin da ya ce. Ta saurara, sannan ta tambaye ni to a ƙarshe doka ta yarda ko ba ta yarda ba. Na ce mata har yau ban sani ba. Na ba ta littattafan aji ɗaya da na biyu da suka rage a buhun, ta ɗaure su a ɗankwali ta fita neman mashin tun rana ba ta yi sanyi ba.